Hasumiyar Kallon Tsuntsaye a Fadamun Kebbi: Ginin Ƙasa, Katako ko Ƙarfe?

Duk wanda ya yi niyyar gina hasumiyar kallon tsuntsaye a Jihar Kebbi, ko ma'aikatar muhalli ce, ko masarauta, ko wata ƙungiyar masu kishin daji, akwai tambayoyi biyu da ya kamata ya amsa kafin ya nemi mai zanen gini. Ta farko ita ce ina ruwa yake tsayawa a shekarar da ambaliya ta fi tsanani, ta biyu kuma wane ne zai riƙa gyaran ginin bayan an watse daga taron buɗe shi. Amsar waɗannan biyun ce ke raba gardama tsakanin ƙasa da katako da ƙarfe, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya fi sauran a kowane wuri, kuma abin da ake yabo da ɗorewa a ƙasashen sanyi yana iya zama abincin gara a gaɓar Gulbin Kabi cikin 'yan shekaru.

Wuraren da suka cancanci irin wannan gini ba su da wuyar ganewa. Fadamar da ta taso ta Augie ta bi ta Argungu da Birnin Kebbi da Bunza har ta faɗa Kogin Neja tana riƙe da tafkuna bayan damina ta ɗauke, kuma a nan ake ganin kirinjijiya da dinya da zalɓe da jinjimi da balbela, tare da baƙin tsuntsayen da ke tsallako hamada daga Turai da Asiya tun daga watan Oktoba, su zauna har wajen Maris ko Afrilu. A kudu kuma akwai tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a 1968, da tsibiran Foge da ke tsakanin jihohin Kebbi da Neja, waɗanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Gauraki, da a da ake gani garke-garke a fadamun Arewa, sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, kuma ba a sanin irin wannan raguwa sai da ƙidaya mai bin tsari. Tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu na kowace shekara, kuma mai ƙidaya yana buƙatar ya tsaya a wuri guda, a tsayi guda, shekara bayan shekara, in dai ana son alƙaluman bana su yi magana da na bara. Wannan shi ne babban aikin hasumiya. Yawon buɗe ido da koyar da ɗalibai suna biyo baya.

Kafin a kwatanta kayan gini, ya kamata a san abin da ake nema daga ginin. Tsayi shi ne abin da aka fi wuce gona da iri a kansa. A fadama shimfiɗaɗɗiya, inda abin da ke tare ido bai wuce doguwar ciyawa da gumbi ba, dandamalin da ya kai mita 4 zuwa 6 daga ƙasa ya isa a ga tafki daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma kowace mita da aka ƙara a kan haka tana ƙara ƙarfin iskar da ginin zai jure, da kuɗin harsashi, da haɗarin tsawa, ba tare da ta ƙara wani tsuntsu a ido ba. Abin da ya fi tsayi muhimmanci shi ne kada ginin ya yi rawa. Ƙaramin madubin hangen nesa na hannu yana kusanto da abu sau 8 ko 10, babba mai ƙafa uku kuwa sau 20 zuwa 60, kuma yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara girman kowace girgiza. Mutum ya kafa madubinsa, ya sunkuya, ya fara ƙirga agwagin da ke kwance a kan yashi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ɗari da wani abu, sai wani yaro ya taka matakala daga ƙasa, nan take hoton ya watse, lissafi ya rikice, a koma farko. Sai kuma ɓoyewa, domin tsuntsun ruwa ya fi tsoron surar mutum a tsaye a sararin sama fiye da ginin kansa, don haka dole a rufe bayan mai kallo da hanyar da yake bi ya iso. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu a wannan yanki, saboda haka hasumiyar da aka kafa a kudancin tafki tana fuskantar arewa takan bar hasken a bayan mai kallo, wadda ke fuskantar gabas kuwa da safe ba ta nuna komai sai ƙyallin ruwa.

Ginin ƙasa ne ya fi dacewa da biyu daga cikin waɗannan buƙatu, kuma ba ma buƙatar a kawo mana shaidar ƙarfinsa daga nesa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai kimanin mita 15, tana tsaye ɗaruruwan shekaru, ta masallacin Agadas kuma ta kai mita 27, dukansu da ƙasa aka yi su, tsohuwar fadar Argungu da ta zama gidan tarihi na Kanta ma ginin ƙasa ce. Bango mai kauri ba ya rawa, ba ya ƙara idan an taka shi, launinsa launin gaɓar tafki ne, kuma yana riƙe sanyin dare har rana ta take, abin da duk wanda ya san zafin Afrilu a Birnin Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, zai ɗauka da muhimmanci. Kayan aikinsa suna kusa: jar ƙasa da burji da ciyawa, sai makuba ta ɓawon ɗorawa don shafen waje. Kuɗin da aka kashe kuma yawancinsa ladan magina ne da masu kwaɓa da masu ɗebo ruwa, wato yana zama a cikin garin. Wanda yake ganin tubali ya tsufa yana da zaɓi na biyu, bulon ƙasa da ake matsewa da inji bayan an gauraya shi da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Da irin wannan bulo mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, aikin da ya buɗe masa hanyar samun lambar yabo ta Pritzker, ta masu zanen gini, a 2022, kuma da shi aka gina sabon masallacin Dandaji a Jamhuriyar Nijar. Bulon ya fi tubali jure feshin ruwan sama, bangonsa bai kai na tubali kauri ba, kuma gefensa yana fita daidai.

Raunin ƙasa ruwa ne, kuma rauni ne da ba a yi masa kwaskwarima. Ruwan sama ana iya maganinsa: a yi rufi mai faɗin baki, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, a ƙara kula da bangon gabas, wanda kowane magini ya san shi hadari ke fara duka. Ruwan da ya kwanta a gindin gini kwana da kwanaki kuwa ba shi da magani, domin yana hawa cikin bangon yana narkar da shi daga ƙasa, har da bulon da aka sa wa siminti idan jiƙon ya daɗe. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, sun san fadama ba ta da iyaka guda. Akwai kuma maganar nauyi, wadda ba a cika lissafa ta ba. Hasumiya mai faɗin mita 3 kowane gefe, tsayin mita 5, da bango mai kaurin rabin mita, tana ɗauke da ƙasa kimanin tan 45, kuma baƙar laka ta fadama, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, ba za ta riƙe wannan nauyi daidai ba. Gefe ɗaya zai nutse, bango ya tsage, ruwa ya sami ƙofa. Saboda haka ginin ƙasa na tudu ne, a kan ƙasa mai tsauri, bisa dakalin dutse da ya ɗaga shi aƙalla rabin mita, kamar yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don kada damshi ya taɓa gindinsa. Dutsen ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi, ganin cewa da shi aka yi ganuwar Surame a zamanin Kanta.

Sharaɗi na biyu na ginin ƙasa shi ne yaɓe. Gidan da mutum yake kwana a ciki ba ya rasa mai duba shi kafin damina, amma hasumiyar da ke bakin daji ba ta kowa ba ce, kuma abin da ba na kowa ba shi ake fara mantawa. Idan ba a ɗora alhakinta a kan wani sananne ba, ko Sarkin Magina na yankin ko mai unguwar ƙauyen da ke kusa, tare da ɗan kuɗin gyara da aka ware tun farko, to gara a bar maganar ƙasa. Haka kuma ɗaki mai duhu da sanyi a bakin ruwa zai jawo jemagu da zuma da mujiya. Mujiyar dai ana iya yi mata uzuri, tun da tana rage ɓerayen gonakin shinkafa, amma zuma a cikin matakala haɗari ce ga ɗalibai, don haka a toshe ƙananan ramuka da raga, a bar iska tana ratsawa.

Katako shi ne abin da yawancin masu zane za su fara kawowa, saboda hotunan da ake gani a intanet kusan duk na katako ne. A Holan, a bakin ruwan Haringvliet, an buɗe wani wurin kallo mai suna Tij a 2019, mai siffar ƙwan tsuntsu, an yi ƙashinsa da katako an rufe shi da ciyawar bakin ruwa, kuma an tsara shi yadda za a iya kwance shi gunduwa-gunduwa. Aiki ne mai kyau, kuma dabarar a yi ginin da za a iya kwancewa abin koyi ce. Sai dai Holan ba ta fama da gara irin tamu, ba a sa wa ciyawarta wuta da rani, kuma katakonta yana fitowa daga dazuzzukan da ake dasawa ana sarewa bisa tsari. A nan, katakon da ake samu a kasuwa yawancinsa daga kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba, kuma idan hunturu ya busa shi sai ya murɗe ya tsage, ƙusoshi su saki. Farin katako mai laushi da aka kafa kai tsaye a ƙasa ba ya daɗewa gara ba ta shige shi ba, kuma tana cin ciki ta bar bayan lafiya lau, har ranar da ƙafar mutum za ta burma.

Itatuwan da gara ke shakka muna da su, amma a nan ne maganar kare muhalli take juyowa kanmu. Ƙirya da marke da maɗaci suna da tauri, sai dai su ne masu gawayi da masu sassaƙa suka rage. Madobiya kuwa an yi mata saran da ya sa tun 2017 aka shigar da ita cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, musamman namiji, ita ce amintacciyar magina tun kaka da kakanni, amma ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar da ta ratsa ta wuce kimanin mita 1.8 sai an yi mata dabarar jerawa hawa-hawa ko an tallafe ta da bakan gizo, kuma giginya tana shekaru da dama kafin ta isa sara. A ƙarƙashin ganyenta wani nau'in tsattsewa ke manna sheƙarsa. A sare gidan tsuntsu don a gina wurin kallon tsuntsu abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Mafita mai sauƙi ita ce tsohuwar azara: a garuruwanmu kullum ana rushe gidajen ƙasa ana maye su da bulo, kuma azarar da ke fitowa daga cikinsu yawancinta tana da sauran ƙarfi, ga ta ta riga ta bushe. Turakun itacen turare da aka dasa a gandu kuma aka dafa da maganin gara, irin na falwayar lantarki, su ma suna aiki, amma maganin da ke cikinsu guba ne, bai kamata su tsaya a cikin ruwan da ake su ko ake shayar da dabbobi ba.

A ganina, hasumiyar da aka yi da katako tun daga ƙasa har sama ita ce mafi raunin zaɓi a Kebbi, ko da yake ita ce ta fi kyau a takarda. Wurin katako shi ne sama: daɓen dandamali, da marikin hannu, da bencin zama, inda ƙafa da tafin hannu ke taɓawa, inda kuma za a iya cire guda ɗaya a sauya ba tare da an taɓa sauran ba. Idan har dole ne a yi turaku da shi, to a ɗora su a kan dutse ko ɗan kankare da ya fito sama da ƙasa kamar rabin mita, a sa farantin ƙarfe a tsakani, domin duk hanyar da gara za ta gina ta fito fili a gan ta a kankare ta.

Ƙarfe ba ya cikin abin da ake fara tunawa idan ana maganar gini mai sauƙin illa ga muhalli, kuma da dalili, domin masana'antar ƙarfe da ta siminti kowacce tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Amma lissafin ba ya ƙarewa a nan. Hasumiya mai ƙafafu huɗu siriri tana buƙatar ramuka huɗu ne kawai, ba ta danne fadama, ruwan ambaliya yana wucewa ta ƙarƙashinta, gara ba ta san da ita ba, gobarar ciyawa ba ta cinye ta, kuma ranar da tafki ya ƙaura, abin da tafkunan fadama kan yi idan gulbi ya sauya hanya, ana iya kwance ta a kai wani wuri. A gaɓar Kainji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan tafkin yana hawa da sauka kimanin mita 10 a shekara, kuma Kogin Neja yana kawo cikowa sau biyu, ɗaya da damina daga ruwan da ya sauka a kusa, ɗaya kuma a tsakiyar hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Wurin da yake tudu a watan Yuni yana iya zama tsakiyar ruwa a Janairu, daidai lokacin ƙidaya. Ƙasa ba za ta zauna a irin wannan wuri ba, katako kuma ruɓewa zai yi a daidai inda ruwa da iska ke haɗuwa.

Illolin ƙarfe suna da yawa, sai dai kusan dukansu ana iya rage su tun a zane. Yana rawa, don haka dole a ɗaure kowane gefe da sanduna masu gicciye, kuma ya fi kyau a raba matakala da dandamali, kowanne da ƙafafunsa, yadda takun mai hawa ba zai isa ga madubin mai kallo ba. Yana ƙara, don haka kada a yi daɓe da farantin ƙarfe, a shimfiɗa katako. Yana zafi har ya ƙona hannu da tsakar rana, a lulluɓe mariki da itace. Yana ƙyalli, a shafa masa fenti mara sheƙi mai launin ƙasa. Tsatsa ita ce babba. Ƙarfen da aka tsoma cikin narkakken zinki, wanda masu walda ke kira galbanaiz, yana daɗewa shekaru masu yawa a busasshiyar iska irin tamu, amma duk inda aka yi masa walda a wurin aiki rufin yana ƙonewa, kuma daga nan tsatsa ke farawa. Shi ya sa ya kamata a yanka a huda a masana'anta, a tsoma, sannan a zo a haɗa da noti. Ƙarfe mai kusurwa ya fi bututu a wurin ambaliya, domin bututu yana riƙe ruwa a cikinsa ya ci kansa ta inda ido ba ya gani. Ruwa kuma ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da kainuwa da ciyawa da kututture, waɗanda ke taruwa a jikin ƙafafun su tura su, yayin da igiyar ruwa ke zaizaye ƙasar gindinsu, saboda haka zurfin harsashi aikin injiniya ne, ba na ƙiyasin mai walda ba. Akwai kuma abin da littattafan zane na waje ba sa ambata, wato masu sayen tsohon ƙarfe. Ginin da aka haɗa da noti, ana iya kwance shi da sifana cikin dare ɗaya. Ana ɗiga walda a kan bakin kowane noti don ya ƙi juyawa, amma abin da ya fi wannan tsare shi shi ne mutanen ƙauyen su ɗauke shi nasu. Farashinsa kuma yana bin dala, kuma kusan duk kuɗin ana biyansu ne gaba ɗaya a farko.

Kankare da bulon siminti ba sa buƙatar dogon bayani. Suna da ƙarfi, ba sa rawa, kowane ɗan kwangila ya iya su, amma suna da nauyin ƙasa ba tare da sanyinta ba, suna buƙatar a buɗe wa tifa hanya cikin wurin da ake son karewa, kuma idan an yi kuskuren wuri, kuskuren ya zauna ke nan. Amfaninsu ya tsaya a harsashi.

Akwai zaɓi na huɗu da masu kasafin kuɗi ke rainawa saboda ba ya ɗaukar allon suna, alhali a wurare da yawa shi ne ya fi dacewa. Manoman shinkafa sun daɗe suna kafa doguwar rumfa a gona, yaro ya hau yana korar jan baki. Irin wannan rumfa, idan an ƙarfafa ta da turaku masu kyau, an yi mata daɓen gora ko gwangwala, an kewaye ta da zana an yanke tagogi siriri, ta isa mutum uku ko huɗu su yi ƙidaya. A kafa ta a Nuwamba bayan ruwa ya ja, a kwance ta a Mayu kafin hadarin farko, a jingine kayan a gidan mai unguwa. Zana tana lalacewa, amma masu saƙa ta suna nan, kuma sayenta kowace shekara ciniki ne ga ƙauyen. Ba ta ɗaukar ajin ɗalibai, tana tsoron wuta, dole a share ciyawa kewaye da ita, amma tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: tana ba da damar a gwada wuri shekara biyu ko uku, a ga ko tsuntsaye na zama a gabanta da gaske, kafin a zuba kuɗi a gini na dindindin. Ko da an zaɓi ƙarfe ko ƙasa daga baya, zana da asabari su ne suka fi dacewa da shingen hanya da rufin inuwa, domin kwano yana zafi kuma yana amo.

Wasu ma'aunai ba sa sauyawa ko da me aka yi ginin. Dandamalin da jama'a za su hau ana lissafa masa kilo 400 zuwa 500 a kan kowace murabba'in mita, wato mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ya iya ɗaukar tan 5 zuwa 6, domin ranar da aka kawo ɗalibai duk za su ruga gefe guda idan an nuna musu kada. Shingen kariya ya kai mita 1.1, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10. Tagogin kallo a yi su hawa biyu, na mai zama da yara a wajen mita 1, na mai tsayuwa a wajen mita ɗaya da rabi, kuma kada a sa gilashi, domin yana ƙyalli, ƙura tana rufe shi, tsuntsaye kuma suna karo da shi. Sandar kare tsawa wajibi ce a kan duk abin da ya fi kewayensa tsayi, fitilar dare kuwa ba ta da amfani sai firgita masu kwana a bakin ruwa. Tsofaffi da masu keken guragu kuma ba za su hau matakala ba, kuma gangaren da keke ke iya bi yana cin mita 12 a kan kowace mita ɗaya ta tsayi, wato mita 60 don a kai mita 5. Ya fi sauƙi a tara tudun ƙasa mai mita ɗaya da rabi a gefe, a yi ɗan ɗakin kallo a kansa.

Mutanen wurin ma suna cikin ma'auni, kuma a nan ne aikin da aka zana daga nesa ya fi yin tuntuɓe. Hasumiyar da ke leƙa tsakar gidajen mutane, ko mashigin da mata ke wanki da wanka, ba za ta sami karɓuwa ba komai kyawunta, kuma maganin wannan bango ne ko zana a gefen da ke fuskantar gari, tare da nuna wa mai gari da liman wurin kafin a haƙa rami. Kada a tare burtali ko mashayar shanu. A bakin gulbi a saurari Sarkin Ruwa da masunta, domin su ne suka san inda ruwa ya kai a kowace babbar ambaliya, da inda dorina ke fitowa kiwo a yankin Yawuri, kuma alamar laka a jikin tsohuwar bishiya ta fi taswira gaskiya. Sannan akwai tsaro. A dajin Kuyambana na Zamfara da wasu sassan da 'yan bindiga suka addaba, dogon gini a wurin da babu mai gadi yana iya zama wurin hangen waɗanda ba tsuntsaye suke nema ba, saboda haka a irin waɗannan wurare maganar hasumiya ta jira, a tsaya ga bakin madatsun ruwa da ke kusa da gari, kamar Bakolori ko Gusau, kuma a yi ta gajera.

Idan aka haɗa duk wannan, zaɓin yana bin ƙasar da za a kafa ginin. Inda akwai tudu mai tsauri da ke kallon fadama, sama da iyakar ambaliyar da dattawa suka tuna, kuma kusa da garin da ke da magina, kamar yadda ake samu a gefen fadamar Argungu da Birnin Kebbi, ginin bulon ƙasa a kan dakalin dutse, da daɓen tsohuwar azara, mai tsayin mita 4 ko 5, shi ne ya fi, kuma shi zan zaɓa ko da kuɗin ƙarfe yana hannu, saboda natsuwarsa da sanyinsa da kuma cewa gyaransa ba ya jiran kowa daga birni. Inda ruwa ke kwanciya kowace shekara, a cikin fadama ko a gaɓar Kainji ta wajen Yawuri da Ngaski, ƙafafun ƙarfe ne da daɓen katako da shingen zana, kuma a ɗaga dandamalin aƙalla mita ɗaya sama da alamar ruwa mafi tsayi da aka sani. Inda ba a riga an tabbatar da wurin ba, ko kuɗin bai kai a ware na gyara ba, a fara da rumfar rani, a riƙa rubuta abin da aka gani daga kanta a kowane Janairu, a kuma kafa sanda mai ma'auni a gindinta don a san tsayin ruwan kowace damina kafin a kira injiniya.